Faifan da Ya Ƙi Buɗuwa: Rajista Ce Ta Rikice, Gidaje Suna Nan

Duk wanda ya shiga Rigasa ta Bakin Ruwa, ya miƙe da babbar hanya har zuwa tashar jirgin ƙasa, ba zai rasa ganin ƙananan shagunan nan masu janareta a bakin ƙofa ba, inda ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a cike fom ta intanet. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, da kuma 2021 da aka wajabta lambar NIN ga mai neman rajista, aikin irin waɗannan shaguna ya ƙaru ƙwarai. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu waɗanda ba su da kwamfuta tasu. A shago ake buga musu tambayoyin jarrabawa, a can ake tsara sakamakon ɗalibai zango bayan zango, a can ne hotunan yara da jerin sunayensu suke kwance. Watau dai tarihin makaranta guda yana iya zama a cikin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, wanda ake kira faifan ajiya.

To, a ɗauka cewa wata safiya kwamfutar irin wannan shago ta ƙi tashi, ga shi saura kwana uku a raba wa yara sakamako. Yaron shago ya kwance ta, ya ciro faifan, ya sa shi cikin 'yar akwatin nan mai wayar USB, ya jona a wata kwamfuta. Faifai yana juyawa, fitilarsa tana ƙyaftawa, amma babu abin da ya fito. Da ya buɗe ɓangaren Windows mai kula da fayafayai, watau Disk Management, sai ya ga an rubuta kalmomi biyu na Turanci kusa da faifan: Dynamic, da kuma Invalid. Abin da aka saba ji a wannan gaɓa shi ne: "Maigida, faifan nan ya mutu, sai dai a yi masa fomat."

Sau da yawa faifan bai mutu ba. Abin da ya faru shi ne kwamfutar ta kasa karanta rajistar da ke bayyana inda kowane abu yake, alhali bayanan suna nan a wurarensu. Hatsarin da ya fi girma a wannan lokaci yana a hannun mai gyara ne, domin mataki ɗaya na gaggawa yana iya mayar da ƙaramar matsala ta zama asarar da ba ta da magani.

Fili da Rajistarsa

Faifan ajiya na gargajiya wasu faranti ne masu rufin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai shawagi a bisansu tana rubutu da karatu. Na farkonsa kamfanin IBM ne ya fitar a Amurka a 1956, da faranti 50 masu faɗin inci 24 kowane, kuma abin da yake iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Hoto ɗaya mai kyau na wayar hannu ta yau zai iya cika shi.

An yanka fuskar faifai zuwa ƙananan gurabe da ake kira sekta, kowace tana ɗaukar bayit 512, bayit ɗaya kuwa daidai yake da harafi ɗaya na boko mara ƙugiya. Faifai mai gigabayit 500, irin wanda ya cika kwamfutocin gwanjo, yana da sekta kusan miliyan 977, kowace da lambarta, daga sifiri zuwa sama. Ba kasafai ake amfani da wannan fili a dunƙule ba. Akan yanka shi kashi-kashi, a ba kowane kashi harafi: C na manhajar Windows, D na takardu, da sauransu.

Mutumin Rigasa ya san wannan al'amari ta wata fuska. Unguwar, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, ta bunƙasa ne ta hanyar yanka gonaki zuwa fuloti. Ƙasa ba ta san iyaka ba; takarda ce take cewa daga nan zuwa nan na wane ne, ko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, ko takardar mallaka daga hukumar KADGIS. Idan gobara ta cinye takardun, gidaje ba za su rushe ba, mutane suna nan cikin ɗakunansu. Baƙon da ya zo neman gidan wane ne kawai zai rasa mai nuna masa.

Rajistar faifai tana a sekta ta farko, mai lamba sifiri. Tsarin da ake kira MBR ya fito tun 1983 tare da manhajar PC DOS 2.0, kuma ya kasa bayit 512 ɗin nan kashi uku. Bayit 446 na farko na umarnin tayar da kwamfuta ne. Bayit 64 da ke biye su ne rajistar kanta. Biyun ƙarshe hatimi ne, lambobin 55 da AA, masu shaida cewa wannan sekta rajista ce. Kowane kashi na faifai yana cin bayit 16 a rajistar, inda ake rubuta sektar da ya fara, da tsawonsa, da wata lamba mai nuna irinsa. Ɗalibi mai lissafi ya riga ya gano matsalar: 64 a raba da 16 ya ba da 4. Littafin rajistar layi huɗu kacal gare shi.

Daga wannan ƙarancin layi ne yawancin masu shago suke faɗawa cikin rami ba da saninsu ba. Kwamfutocin cinya da yawa na zamanin Windows 7 sun zo daga masana'anta da layukan huɗu a cike: ɗan ƙaramin kashi na tayar da manhaja, da kashin C, da na farfaɗo da Windows, da na kayan aikin kamfanin. Sai mai kwamfuta ya so ya ware wa takardun kwastomomi wuri na daban. Ya rage girman C, ya nemi a ƙirƙiri sabon kashi. Windows ta fito da gargaɗi da Turanci cewa wannan aiki zai mayar da faifan ya zama dainamik, ta tambaya ko a ci gaba. Mutum ya danna Yes kamar yadda ya saba danna wa kowace tambaya. Sabon kashi ya fito, komai ya ci gaba da aiki, har shekaru su wuce bai san faifansa ya sauya jinsi ba.

Mene ne Faifan Dainamik?

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tsari a cikin Windows 2000, da haɗin gwiwar kamfanin Veritas. Dabarar ita ce a bar tsohon littafi mai layi huɗu, a buɗe sabon babban kundi a wani wuri. A faifai mai tsarin MBR, ana ajiye wannan kundi a megabayit ɗaya na ƙarshen faifan. A tsohuwar rajista kuwa sai a rubuta lamba 42 a gurbin iri, abin da yake nufin: kada ka nemi bayani a nan, je ka duba kundin da ke can ƙarshe. Faifan da bai bi wannan tsari ba shi ake kira besik, watau na asali.

Sabon kundin ya ba da damar abubuwan da tsohon bai iya ba, kuma jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zai taimaka wajen fahimtarsu. Tun da aka buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, yaran unguwar sun saba ganin taragai da yawa a jone suna tafiya da sunan jirgi ɗaya. Haka ake iya jona fayafayai biyu ko fiye, har zuwa 32, su bayyana da harafi ɗaya. Idan na farko ya cika sai kaya su zarce cikin na biyu. Wannan shi ne kashi mai zarcewa. Akwai kuma kashi mai ratsi, inda ake yayyanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, kilobayit 64 kowace, a jefa ta farko a tarago na ɗaya, ta biyu a na biyu, ta uku a koma na ɗaya. Lodi yana sauri domin ma'aikata biyu ne suke aiki lokaci guda, amma idan tarago ɗaya ya ɓata, babu buhun da zai isa cikakke. Na uku shi ne kashi mai madubi, inda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ake kwafe shi nan take a ɗaya. Waɗannan dabaru sun shahara ne da sunan RAID bayan wata maƙala da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Patterson da Gibson da Katz, suka gabatar a 1988.

Duk wannan an yi shi ne domin manyan kwamfutocin ofisoshi da bankuna masu fayafayai da yawa. Shagon da ke da faifai guda bai ƙaru da komai ba, sai dai ya ɗauki nauyin tsarin. Nauyin kuwa shi ne: ba kowace manhaja ce ta iya karanta sabon kundin ba.

Abin da Kalmar Take Faɗa

Mai gyara na ƙwarai yakan fara da karanta kalmar da Windows ta rubuta, domin kowace tana nuni ga cuta daban.

Idan kalmar Foreign ce, watau baƙo, to labari mai daɗi ne. Kowane faifan dainamik yana ɗauke da shaidar rukunin da ya fito, kuma idan aka kai shi wata kwamfuta, ko aka sake ɗora Windows sabuwa a kan tasa, sai a ga shaidar ba ta dace da ta gida ba. Kundin lafiyarsa ƙalau, izini kawai ake jira. A danna faifan da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Import Foreign Disks, cikin daƙiƙoƙi kaɗan haruffa za su dawo. Sharaɗi ɗaya ne: idan kashin ya ratsa fayafayai biyu ko uku, dole a kawo su duka tare. Kowanensu yana riƙe da kwafin kundin rukunin baki ɗaya, saboda haka Windows za ta san akwai wanda aka bari a baya.

Idan Offline ce ko Missing, Windows tana tuna faifan amma ba ta jin muryarsa. Galibi waya ce ta saki, ko wuta ba ta isa gare shi ba. Ƙurar hunturu ba ta shiga cikin faifan kansa, domin a rufe yake da matata, amma takan taru a bakin wayoyi da fanka, zafi ya ƙaru, mahaɗa ta yi sako-sako. A kashe kwamfuta, a zare waya a goge, a mayar, sa'an nan a zaɓi Reactivate Disk.

Invalid ce mai tayar da hankali, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ma'anarta ita ce Windows ta ga lamba 42, ta san akwai kundi, amma ta kasa amfani da shi. Dalili na farko shi ne jinsin Windows ɗin. Windows XP Home, misali, ba a gina ta da sanin faifan dainamik ba; sai Professional. Na biyu shi ne 'yar akwatin USB ɗin nan, domin tun asali Microsoft ba ta tsara dainamik don fayafayan da ake cirewa ana mayarwa ba. A misalin shagon da aka kawo a sama, mai yiwuwa ne ƙwarai faifan bai da ciwon komai, hanyar da aka bi aka jona shi ce ta jawo kalmar. Dalili na uku ne kawai yake nufin lalacewa ta gaske: kundin ya rikice, ko don wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a cikinsa, ko don sektocin ƙarshen faifan sun fara mutuwa. A wurin da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA, kamar yadda har yau ake kiranta, da ta janareta sau da yawa a yini, kwamfutar tebur marar batirin UPS tana cikin wannan hatsari kullum.

Gyara Bisa Tsari

Kunne ne kayan aiki na farko. Faifan da yake ƙas-ƙas, ko yake tashi yana tsayawa, ciwonsa a allura ne ko a inji, kuma kowane minti da ya ƙara yana juyawa allurar tana iya karce farantin. Wannan a kashe shi, babu manhajar da za ta warkar da shi. Aiki ne na masu ɗaki na musamman marar ƙura, kuma buɗe murfinsa a kan teburin shago kashe shi ne.

Idan sautinsa daidai ne, ƙa'idar da ke bisa kowace ita ce kada a rubuta komai a kansa. Mafi kyau ma a fara ɗaukar hotonsa sukutum, sekta bayan sekta, zuwa wani faifai da ya kai shi girma ko ya fi shi. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ddrescue da ke aiki a kan Linux, wadda take fara kwashe wurare masu lafiya, ta bar masu wuya sai daga baya. Da zarar an sami kwafi, duk gwajin da za a yi sai a yi shi a kan kwafin. Masu shago sukan tsallake wannan mataki saboda tsadar faifai na biyu, ko da yake aro ma yana wadatarwa, tun da na kwana ɗaya ne ko biyu.

Daga nan sai a bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A fitar da faifan daga akwatin USB, a jona shi kai tsaye da wayar SATA a cikin kwamfutar tebur mai Windows Professional. Sau da yawa a nan kalmar Invalid take rikiɗa ta koma Foreign, magana ta ƙare. Idan ba ta sauya ba, a gwada Reactivate Disk. Idan har yanzu shiru, a tayar da kwamfutar da Linux daga filas, a yi amfani da manhajar ldmtool, wadda ta iya karanta kundin dainamik ba tare da taimakon Windows ba, a kwashe fayiloli zuwa wani wuri.

To, idan kundin ya lalace ƙarƙaf fa? A nan misalin filaye zai sake amfani. Mai safiyo da ya rasa takardu yana iya zagaya unguwa ya nemi duwatsun iyaka da katangu, ya sake zana taswira daga abin da ya gani a ƙasa. Kowane kashi mai tsarin NTFS, wanda shi ne tsarin fayiloli na Windows, yana da sekta ta musamman a farkonsa mai bayyana girmansa, da kwafinta a ƙarshensa. Manhajar TestDisk, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma ake rabawa kyauta, tana bin faifai tana neman waɗannan alamu. Idan ta same su takan nuna jerin fayilolin da ke ciki, ta ba da damar kwafe su tun kafin a taɓa rajista. Wannan dabara tana aiki sosai ga kashi mai sauƙi da ke zaune wuri ɗaya a faifai ɗaya. Ga kashi mai ratsi da ɗaya daga fayafayansa ya mutu kuwa, babu abin da za ta iya, domin rabin kowane babban fayil ya tafi.

Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu gyara, ta buɗe sekta ta sifiri da manhajar gyaran lambobi, a je bayit na 450, a sauya 42 zuwa 07, wadda ita ce lambar NTFS. Hikimar ita ce a yaudari Windows ta ɗauka faifan besik ne. Takan yi aiki idan iyakar da ke rubuce a tsohuwar rajista ta yi daidai da ainihin inda kashin ya fara. Idan ba ta yi daidai ba, ko kasoshin sun fi ɗaya, ko an taɓa faɗaɗa wani, sai Windows ta ga fili marar ma'ana, ta nemi a yi masa fomat. Dabara ce mai kyau a allon aji domin nuna yadda bayit guda yake juya faifai baki ɗaya. A kan faifan da ke ɗauke da sakamakon yara 400, ba a gwada ta sai an riga an ɗauki hoto.

Ƙofofin da ba a shiga su ne waɗanda Windows take buɗewa da fara'a. Zaɓin Convert to Basic Disk yana nan a jerin, kuma sunansa yana kama da magani, amma ba ya aiki sai an share dukan kasoshin da ke faifan. Haka umarnin clean na manhajar diskpart yake shafe rajista. Fomat iri biyu ne: na gaggawa yana sabunta littafin fayiloli ne kawai, saboda haka akan iya ceto wani abu bayansa, cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin kowace sekta yana rubuta sifiri, bayansa babu sauran ceto. A sababbin fayafayai marasa faranti, watau SSD, abin ya fi tsanani, domin da zarar an share abu faifan da kansa yakan goge gurbinsa ba da jimawa ba.

Tsarin da Ke Kan Hanyar Fita

Microsoft da kanta ta daina ba da shawarar amfani da faifan dainamik. Tun 2012, da fitowar Windows 8, ta kawo Storage Spaces domin masu son haɗa fayafayai. Matsalar layi huɗu kuma sabuwar rajista mai suna GPT ta warware ta, domin a Windows tana ɗaukar kasoshi har 128, tana kuma ajiye kwafin kanta a ƙarshen faifai. Windows 11, wadda ta fito a 2021, a kan wannan tsari ake ɗora ta. Sai dai kwamfutocin da ake saukewa a Legas, su bi ta kasuwar Computer Village ta Ikeja su iso Kaduna, da yawansu tsofaffin ofisoshin Turai da Amurka ne suka sallame su, wasu ma da faifan da wani ma'aikaci ya mayar dainamik shekaru goma da suka wuce. Za a daɗe ana cin karo da lamba 42 a Rigasa.

Malamin kwamfuta yana iya sa ɗalibansa su duba na makarantarsu a cikin darasi ɗaya. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta diskmgmt.msc, a duba gefen hagu na kowane faifai, inda za a ga Basic ko Dynamic. Wanda ya tarar da nasa Dynamic, kuma faifai ɗaya gare shi, lokacin sauya shi shi ne yanzu da yake da lafiya: a kwashe komai zuwa wani faifai, a buɗe wasu fayiloli a tabbatar sun kwafu, a share kasoshin, a mayar da shi besik, a dawo da kaya. Idan a kansa Windows take zaune, sai an sake ɗora ta. Madubi ma ba ya maye gurbin wannan kwafi na waje, domin fayil ɗin da aka share bisa kuskure a faifai ɗaya, nan take yake ɓacewa a ɗayan.

A kuma yi lissafin mai kafin a fara. Tsohuwar kafar USB 2.0 tana kwashe kimanin megabayit 30 a daƙiƙa, saboda haka cikakken faifai mai gigabayit 500 zai ci fiye da awa huɗu da rabi. Ta kafar USB 3.0, mai shuɗin baki, aikin yakan ƙare cikin kamar awa ɗaya da rabi. A cika tankin janareta, a jona kwamfutar a kansa tun daga farko, kada a sauya layin wuta sai an ga fayil na ƙarshe ya wuce.